Daga tudun Maraɗi zuwa tafkin Madarunfa: Tafiyar ƙasa a kwarin da ya taɓa tayar da birni

Duk wanda ya bi Maraɗi ta yamma har gidaje suka ƙare, zai ga ƙasa ta gangara. Rairayin da ƙafa ta saba da shi a cikin gari sai ya fara duhu, ya fara nauyi, kafin a yi nisa ya koma baƙar laka. A watan Agusta, taku goma a cikin wannan laka sun isa su raba mutum da silifas ɗinsa.

Nan ne bakin kwarin Gulbin Maraɗi. Daga nan zuwa tafkin Madarunfa, ta kudu, tafiyar kimanin kilomita 25 ce. A mota ko a kan kabu-kabu ba ta kai awa ɗaya ba. A ƙafa kuwa, idan aka bi ta gefen fadama aka ratsa Jiratawa, wuni guda ce cur.

Matasa da yawa da aka haifa a Zariya ko Ali Ɗan Sofo ko Burja sun san wannan kwari ne daga tagar mota kawai, ko kuma ta zogale da tumatirin da ke shigowa kasuwa daga cikinsa. Waɗanda suka tafi ci-rani Kano da Legas da Agadas da Aljeriya ma, in sun dawo gida, ziyararsu ba ta cika wuce dangi da kasuwa ba. Alhali tarihin garin da cimarsa da haɗarin da ke jiransa kowace damina duk suna kwance a wannan hanya.

Inda caɓi ya zama abin alfahari

A ƙasar Hausa tafiyar ƙasa ta talaka ce, ko ta wanda abin hawa ya gagara. Idan aka ga saurayi da jaka a baya yana ratsa gonaki da rana tsaka, tambayar farko ita ce ko lafiya. Amma akwai ƙasashen da mutane ke ajiye motocinsu su shiga daji da ƙafa don nishaɗi, kuma su biya kuɗin jirgi don yin hakan.

Sikotlan, a arewacin Birtaniya, tana cikin waɗanda suka yi fice. Yankin tsaunukanta cike yake da dogayen tafkuna masu zurfi da suke kira loch, irin su Loch Ness. A shekarar 1891 wani mutum mai suna Hugh Munro ya wallafa jerin tsaunukan ƙasar da tsawonsu ya haura mita 914. Yau jerin yana da tsauni 282, ana kiran su da sunansa, kuma akwai dubban mutanen da suka hau su duka. Mafi tsawo shi ne Ben Nevis, mai mita 1,345.

Abin da hotunan Instagram ba su cika nunawa ba shi ne ƙasar da ake takawa kafin a kai sama. A wasu sassan yammacin ƙasar ruwan sama yana haura milimita 3,000 a shekara, kusan ninki shida na abin da Maraɗi ke samu. Ƙasar ruɓaɓɓen tsiro ce da ruwa ya jiƙe shekaru dubbai, mutum yakan taka ya nutse har gwiwa, ga wasu ƙananan ƙwari masu cizo da ke taso masa a lokacin zafi. Duk da haka ba su raina wannan caɓi ba. A 2003 sun yi dokar da ta ba kowa damar ratsa yawancin filayen ƙasar da ƙafa muddin bai yi ɓarna ba. A watan Yulin 2024 kuma hukumar UNESCO ta sanya wani makeken filin caɓi na arewacin ƙasar, Flow Country, cikin wuraren tarihi na duniya.

Maraɗi ba ta da tsauni. Tudunta bai fi kwarin da 'yan mitoci ba. Amma tana da tafki, tana da fadama, tana da laka, kuma sunan Madarunfa yana gaban wannan hukuma ta UNESCO tun 2006 yana jiran layi.

Ruwan da ya hau da gari tudu

Mai tafiya da ya gangara daga birnin yana komawa ne inda Maraɗi ta fara. A farkon ƙarni na 19, bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ci Katsina, sarakunan Haɓe suka yo arewa, Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarautarsa a Maraɗi. Garin na wancan lokaci a cikin kwarin yake, kuma da dalili. Kurmi ne mai duhu ya rufe bakin gulbin, dawakin abokan gaba ba sa iya ratsa shi cikin sauƙi, ga ruwa kusa, ga ƙasar noma.

Abin da ya kare garin daga mahaya bai kare shi daga ruwa ba. A daminar 1945 gulbin ya cika ya tumbatsa, ya rushe tsohon garin. Turawan mulkin mallaka na Faransa suka sake zana shi a kan tudu, da faffaɗan tituna da suka taso daga ƙofar fada. Tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da 'Yandaka da Maraɗawa da Limanci da Ɗan Gulbi su ne zuciyar wannan sabon gari. Daga nan ne cinikin gyaɗa da fatauci da Najeriya suka ɗaga Alhazan Maraɗi, har birnin ya zama cibiyar kasuwancin Nijar.

Gulbin kansa baƙo ne mai wucewa. Daga jihar Katsina yake tasowa, ya shigo Nijar ta wajen Jibiya, ya bi ta Madarunfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya haɗe da gulbin Rima. Watannin damina kawai yake gudu. Sauran shekara faffaɗan rairayi ne da amalanke ke bi, ana haƙa 'yan rijiyoyi a cikinsa.

Wannan hali nasa shi ne abu na farko da mai tafiya ya kamata ya riƙe. Ruwan da ke cika gulbin ba lallai ne ya sauka a Maraɗi ba. Ana iya yin ruwa da dare a ƙasar Katsina, gari ya waye tas a nan, amma kafin azahar mashigin da aka bi da safe ya gagari tsallakawa. Haka ƙoramun da ke gangarowa daga tudu suke, suna cika cikin mintuna. A ranar 30 ga Agustan 2024 ruwan sama mai ƙarfi ya sauka a birnin Maraɗi, hukumomi suka ce mutum 15 sun rasa rayukansu. A daminar ta 2024, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi asarar rayuka a duk faɗin Nijar.

Jiratawa: kore a tsakiyar rani

Kimanin kilomita 10 kudu da birnin, hanya tana kai mutum Jiratawa. A nan ne gwamnati ta shimfiɗa filin noman rani na kusan hekta 500 a farkon shekarun 1980, ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA, tare da ƙungiyoyin manoma. Ruwan ba daga saman gulbi ake ɗebo shi ba. Rijiyoyin burtsatse ne ke jawo shi daga ƙarƙashin kwarin da injina, ya bi magudanan siminti ya shiga fangali bayan fangali.

Ga mai tafiya, wannan shi ne yankin da ya fi daɗin bi. Akwai inuwar mangwaro, akwai mutane a kowace kusurwa, akwai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ko da a watan Janairu. Masara da alkama da albasa da tattasai da tumatir suna karɓa-karɓa gwargwadon lokaci. Sai kuma zogale, wanda da yawa a nan suke kira tamaka, da ake yanka a cusa a buhuna a kai har Yamai. Duk wanda ya ci kwaɗon zogale a Maraɗi, da wuya a ce bai taɓa cin ganyen wannan kwari ba.

Sai dai injinan nan suna tuna wa mutum cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa ma daga wani wuri yake zuwa. Ambaliyar gulbi ce ke shayar da shi kowace shekara. A wajajen 1990 Najeriya ta gina madatsar ruwa ta Jibiya a kan kogin Gada, wanda shi ne sunan gulbin a can, kuma tun daga lokacin ruwan da ke isowa kwarin ya sauya. A shekarar 1990 ɗin ne ƙasashen biyu suka sanya hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su, ciki har da wannan. Ke nan manomin Jiratawa da na Jibiya daga tulu ɗaya suke sha.

Idan aka ɗaga kai aka dubi jigawar da ke gefen kwarin, akwai wani labarin. Gonakin gero cike suke da gawo da kalgo da sabara da aduwa. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 yawancin gonakin nan fayau suke. A farkon shekarun 1980 ne wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya fara ƙarfafa wa manoma gwiwa su daina tumɓuke kututturan da ke tohowa, su zaɓi rassa masu ƙarfi su rene su. Manoma suka kira abin sassaben zamani. Daga wannan jiha ya bazu, har masu bincike suka ƙiyasta cewa ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Inuwar da mai tafiya zai zauna ya sha ruwa, wani ne ya ƙi sare ta shekaru 30 ko 40 da suka wuce.

Yadda ake karanta ƙasa

Daga Jiratawa zuwa gaba, hanya tana ƙara zama ta mutanen karkara, kuma a nan ne ɗan birni yake gane bai iya tafiya ba. Ƙasar kwari iri-iri ce. Akwai jigawa, rairayin da ke shanye ruwa nan take, wanda ba ya kama ƙafa amma yana gajiyar da ita. Akwai lakar fadama, wadda da rani take tsagewa ta yi tauri kamar dutse, da damina kuma ta koma danƙo. Akwai kuma wurin da sama ya bushe ya yi ɓawo alhali ƙasa taɓo ne. Wannan na ƙarshe shi ya fi kayar da baƙo.

Mutanen wurin suna da alamominsu. Inda sawun shanu ya yi zurfi ya tara ruwa, ba a bi. Inda ciyawa ta yi kore shar fiye da ta kewaye, akwai ruwa a ƙarƙashi. Inda aka ga sawun amalanke ya kauce ya yi kwana ba gaira ba dalili, akwai dalili. Hanya mafi aminci ita ce kunyar da ke tsakanin gonaki, ko burtalin da makiyaya ke bi da dabbobinsu, inda ake cin karo da jajayen awakin nan da aka san Maraɗi da su.

Bayan damina kuma ƙarangiya ce ke karɓar aiki. Tana maƙale wa wando da safa, tana shiga tsakanin yatsu, kuma wanda ya zo da gajeren wando zai yi da-na-sani tun kafin hantsi. Akwai macizai a gindin ciyawa da cikin tsagar laka, shi ya sa manoma ba sa zura hannu inda ido bai gani ba.

Ruwan da ke kwance ma yana da nasa. Tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini, daga irin waɗannan kududdufai da magudanai ake ɗaukar ta. Ƙwayar tana girma a jikin wasu ƙananan dodon koɗi, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar wanda ya shiga. Ba sai an sha ba, tsayuwa a ciki ma ta isa. Wanda zafi ya dame shi ya ji sha'awar faɗawa ruwa, gara ya haƙura.

A Sikotlan doka ce ta buɗe wa mai tafiya hanya. A nan sallama ce. Kowace gona da mai ita, kowane ƙauye da mai garinsa. Wanda ya tsaya ya gaisa, ya ce wa dattijo “Baba, sannu da aiki”, ya faɗi daga inda yake da inda za shi, za a nuna masa mashigi, wataƙila ma a haɗa shi da yaro ya raka shi. Wanda ya ratsa shuka yana ɗaga waya yana ɗaukar matan da ke aiki hoto ba izini, shi ya jawo wa kansa. Da ɗan gari akan ci gari.

Tafkin da waliyyai 99 suka kewaye

Bayan awa shida ko bakwai, itatuwa suna ƙara kauri, iska ta sauya, sai ruwa ya bayyana. Ga wanda ya taso a garin da gulbinsa ke bushewa wata takwas a shekara, ganin ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya abu ne da ke sa a yi shiru.

Tafkin Madarunfa yana cikin manyan tafkunan Nijar da ba sa ƙafewa. Gulbin Gabi da ambaliyar Gulbin Maraɗi ne ke ciyar da shi, yana faɗaɗa da damina, yana ja da baya da rani, inda ya janye kuma manoma su bi shi da shuka. Masunta suna fita da kwalekwale da sassafe su dawo da tarwaɗa da karfasa. Belbela da zalɓe da kirinjijiya suna nan, kuma da sanyi tsuntsayen da suka tsallako Sahara daga Turai suna sauka su huta.

Saboda wannan ne a watan Disamban 2019 aka sanya tafkin cikin jerin Ramsar, wato wuraren dausayi masu muhimmanci ga duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a Iran a 1971. Filin da aka yi wa rajista ya haura hekta 500.

Amma ga mutanen yankin, darajar wurin ta girmi kowace takarda. A kewayen tafkin akwai kaburburan da ake dangantawa da waliyyai 99, kuma masu ziyara suna zuwa daga sassan Nijar da arewacin Najeriya, musamman lokacin Maulidi. Kurmin Madarunfa da tafkin da kaburburan nan, su ukun a haɗe, Nijar ta miƙa wa UNESCO a 2006 a jerin wuraren da take fatan a amince da su. Har yau suna wannan jeri na jira.

A halin da ake ciki, tafkin yana fama da abin da ke damun yawancin tafkunan Sahel. Duk ruwan da ya gangaro daga tudun da aka sare itatuwansa yana zuwa da rairayi, rairayin ya kwanta a ƙasan tafkin, zurfinsa ya ragu. Tafkin da ya rage zurfi yana saurin ƙafewa da zafin bazara, kifi ya ragu, masunci ya koma neman wata sana'a ko ya kama hanyar ci-rani.

Inda hanya ta tsaya

Akwai iyakar da ba laka ce ta shata ta ba. Gundumar Madarunfa tana maƙwabtaka da jihar Katsina, kuma shekarun nan 'yan bindigar da suka addabi arewa maso yammacin Najeriya sun sha tsallakowa suna satar shanu da mutane don neman kuɗin fansa. Ƙauyukan kan iyaka da kewayen dajin Baban Rafi sun fi jin jiki, haka ma wasu sassan gundumar Gidan Rumji. Tun 2019 dubun-dubatar 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka shigo jihar Maraɗi.

Don haka wannan ba tafiyar da ake yanke shawararta da dare a fada ba ce, a wayi gari a kama hanya. Sai an tambayi halin da ake ciki a wannan makon wurin jandarmomi da masu gari da direbobin da ke bin hanyar kullum. Idan suka ce a dakata, a dakata. Ba a wuce tafkin a nufi kudu ko yamma don ganin daji, ba a kwana a fili, ba a sanar da duniya a Facebook ko TikTok inda ake sai bayan an dawo. Da la'asar ya kamata a ce an hau motar komawa gida.

Wanda bai samu natsuwa da hanyar kudu ba yana da zaɓi. Zai iya tsayawa a Jiratawa ya juyo, ko ya bi gefen kwarin ta arewa maso yamma zuwa Tibiri, tafiyar da ba ta wuce ta safiya ɗaya ba. Tibiri ita ce mazaunin Sarkin Gobir, Gobirawa suka kafa ta a wajajen 1836 bayan yaƙin Gawakuke, ƙarƙashin Sarki Mayaƙi. Ambaliyar 1945 ba ta bar ta ba ita ma, sai da ta hau tudu kamar 'yar'uwarta. A can ma, tambaya kafin tafiya wajibi ce.

Lokaci da guzuri

Watannin Nuwamba zuwa Fabrairu su ne suka fi dacewa. An gama girbi, gulbi ya janye, tafki yana cike, sanyin hunturu yana rage wahalar rana, tsuntsayen baƙi kuma sun iso. Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, tafiyar wuni a lokacin ganganci ce. Yuli zuwa Satumba kwarin ya fi kyau a ido, amma shi ne lokacin laka da sauro da ruwan bazata, kuma gonaki duk a shuke suke.

Guzurin ba mai tsada ba ne: takalmi rufaffe mai igiya, dogon wando, malfa, sanda, ruwan sha aƙalla lita uku ga kowane mutum, dabino ko ƙuli-ƙuli, waya mai caji, da katin shaida saboda shingayen jami'an tsaro. A fita bayan sallar asuba, a tafi mutum uku zuwa biyar, a bar wa wani a gida labarin hanyar da za a bi da lokacin dawowa. Ledar ruwan da aka shanye a mayar da ita jaka, domin abin da aka yar a kwari gulbi ne zai kai shi gonar wani.

Ga 'yan Maraɗin da ke waje, waɗanda ke turo kuɗi a saya musu fili a yi gini, tafiyar tana da wani amfani na daban. Birnin yana ta faɗaɗa, filaye masu araha kuma sau da yawa su ne na gangare da bakin ƙorama. Wanda ya taka kwarin da ƙafarsa, ya ga alamar da ruwa ya bari a jikin itatuwa sama da tsayinsa, ba zai sayi fili ta waya ba sai ya tambayi ta ina ruwa ke bi a watan Agusta. Kakanninsa sun yi wannan tambayar a 1945, bayan sun riga sun rasa gidajensu.